A'ar da Noelene Ta Bar wa Likita

Noelene Treloar ta yi shekara talatin da huɗu tana dafa wa masu askin tumaki abinci a gonakin da ke tsakanin garuruwan Hamilton da Casterton, can yamma da birnin Melbourne. Shekarunta sittin da uku yanzu. Gajeriya ce kakkaura, hannayenta duk tabon ƙunar tanda, kuma ban da 'yan gidansu ba mai kiran sunanta na yanka. Kuku kowa ke ce mata, har faston cocinsu.

In ana aski, sau biyar ake ci a rana: karin kumallo kafin a tada injina, shayin hantsi, abincin rana, shayin la'asar, sai na dare. Maza goma sha biyu ne, wani lokaci sha huɗu, kowanne na sunkuye kan tunkiya tun safe, kuma kowanne na cin abin da zai ishi mutum uku. Noelene ta koyi aikin ne a hannun wata tsohuwa, Misis Heffernan, wadda ta bar mata ƙa'idoji biyu. Ta farko, kuku ba ta kallon bakin mai ci, faranti take dubawa in ya dawo. In ya dawo tas, to ta yi aikinta. Ta biyu, kuku ba ta musu da ma'aikaci. In wani ya zo da buƙatar da ba za ta yiwu ba, kada ki ce masa a'a da bakinki, tura shi wurin ɗan kwangila, shi ya hana shi. Ke ce za ki ciyar da mutumin nan gobe, wanda kuma ya yi fushi da kuku ba ya ci, wanda bai ci ba ba ya aski.

Ɗan kwangilar da take yi wa aiki tun shekara ashirin da suka wuce shi ne Lindsay Rook, dogon mutum mai yawan tsokana. Ba ranar da zai zauna kan tebur bai ce naman tunkiyar nan sa'ar kakarsa ce ba, ita kuma ta ce masa haƙoransa ne suka yi ritaya ba su gaya masa ba. Ya ce a duk shekarun nan bai taɓa jin ta hana wani abu ba, amma shi ya sha zagi a madadinta fiye da yadda zai iya ƙirgawa.

'Ya ɗaya ta haifa da mijinta Des, mai kafa shingen waya a gonaki. Sunan yarinyar Tegan. Ta taso a kicin ɗin rumfunan aski, tana feraye dankali tun hannunta bai gama riƙe wuƙa ba, ga baki, ga kai. Tana da shekara goma sha huɗu ta daina cin abinci, amma sai da aka kusa shekara biyu kafin uwar ta gane, domin farantinta kullum tas yake dawowa. Noelene ba ta ɓoye wannan. Ta ce yarinyar tana ramewa a gabanta, ita kuwa tana duban faranti tana cewa tsayi ne take yi. Malamar motsa jiki ta makarantarsu ce ta kira waya ranar da Tegan ta yanke jiki ta faɗi a fili. Daga baya aka gano karnukan kiwo ne ke cin rabonta.

Likitoci suka ce anoreksiya ce, ciwon da ke sa mutum ya ƙi abinci yana ganin ya yi ƙiba alhali ƙashi ne da fata. A asibitin yara na Melbourne aka koya wa iyayen abin da za su yi: a zauna da ita a kowane ci, a dube ta har ta gama, ba roƙo, ba faɗa, ba tashi. Noelene ta ce ba ta taɓa yin aikin da ya fi wannan wuya ba. Matar da ta yi rayuwarta tana kau da kai daga masu ci, sai ga ta zaune awa biyu ta zuba wa 'yarta ido kan yankan burodi guda. Ta bar aski kaka biyu saboda haka. Kuma abin ya yi aiki. Tegan ta ciko, ta gama sakandare, har ta fara karatun jinyar dabbobi.

Da ta cika sha takwas, doka ta mayar mata da ragamar kanta. Asibitin manya ba sa kiran uwa sai marar lafiya ta yarda. Cikin shekara guda ciwon ya dawo, kuma tun daga nan bai sake tafiya ba. An kwantar da ita sau da yawa har uwar ta daina ƙirga. Sau huɗu aka tsare ta bisa dokar masu ciwon ƙwaƙwalwa aka zura mata robar abinci ta hanci ba da son ranta ba. Kowane karo in jikin ya ɗan farfaɗo sai a sallame ta, don akwai wata da ke jiran gadon. Layin jiran wurin jinya na musamman kuwa watanni ne, kuma sau biyu in layin ya zo kanta sai a ce ta yi rauni da yawa ba za su iya karɓarta ba.

A tsakiyar wannan ne Des ya kamu da ciwon da ke kashe jijiyoyi. Ya fara da kasa riƙe guduma, ya ƙare bai iya haɗiye yawunsa. Wata goma sha tara ya yi. A watannin ƙarshe, lokacin da yake iya magana kaɗan-kaɗan, ya riƙa cewa da shi tunkiya ne da tuni Lindsay ya tausaya masa ya yanka shi ya huta. A lokacin babu dokar da ta yarda likita ya taimaka wa mai jinya ya mutu. Ya rasu a 2016, cikin wahalar da Noelene ba ta son bayar da labarinta.

Bayan jana'iza da wata uku ta kafa tebur a bajekolin amfanin gona na garin, tsakanin rumfar masu sayar da jam na shafa wa burodi da filin tsallen karnuka, tana tara sa hannun masu son a yi dokar. Wasu matan cocinsu suka daina gaishe ta. Ba ta fasa ba. Jaridarmu ta buga hotonta a lokacin, tana riƙe da hoton Des, Tegan na tsaye kusa da ita cikin rigar sanyi mai kauri duk da ana zafi, riƙe da allon sa hannun. Abin da Noelene ke faɗa wa duk wanda ya tsaya gaban teburin guda ne: wanda ke cikin jikin shi ya san abin da yake ji, ba wanda ke da ikon ce masa ya daure. Shekarar da ta biyo majalisar jiha ta amince da dokar. Ta kai wa kabarin Des labari da kanta.

Dokar tana da shinge. Dole ciwon ya zama wanda ba ya warkewa kuma zai kashe mutum cikin watanni, dole likitoci biyu su tabbatar, dole mutum ya kasance cikin hankalinsa, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ciwon ƙwaƙwalwa shi kaɗai bai isa ba. Noelene ta san wannan duka, domin da shi take rufe bakin masu adawa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa haɗa dokar da 'yarta a ranta ba.

A watan Yulin bara Tegan na zaune gidan uwar, tana da shekara talatin da biyu. Ƙasusuwanta sun yi laushi irin na tsohuwa, haƙoranta sun lalace, kuma gwajin jini ya nuna ƙodarta ta fara gazawa. Wata safiya Noelene na kwaɓa fulawa, Tegan na gefen murhu da bargo, sai ta ce tana so a kai ta Geelong wurin wani likita, Dakta Fonseka, wanda ya yi horon duba masu neman amfani da dokar. Ta faɗe shi ne kamar mai neman a kai ta wurin mai gyaran gashi. Ta ce ta karanta komai. Ciwon ƙwaƙwalwa bai isa ba, ta sani, amma ƙoda ba ƙwaƙwalwa ba ce. Ta kuma ce in an amince mata, doka na buƙatar ta naɗa mutum ɗaya da zai sa hannu ya ɗauki alkawarin mayar da abin da ya rage na maganin bayan komai ya wuce, kuma ba ta son kowa sai uwarta.

Noelene ta ce hannunta bai daina kwaɓi ba. Ta tambaye ta ko ta yi magana da likitan ƙwaƙwalwarta, Tegan ta ce wannan da ake canjawa duk wata shida, wanne daga ciki? Sai ta ƙara da cewa, "Shugabar tukwane, ke fa kika ce wanda ke cikin jikin shi ya sani. Ina tsaye a wurin, ni na riƙe miki biro. Baba wata goma sha tara ya yi. Ni shekara goma sha takwas."

Uwar ba ta ce a'a ba. Ta ce to, bari mu ji abin da likita zai ce.

Wannan amsar ce take maimaitawa yanzu duk lokacin da ta ba da labarin. Ta ce a ranta ta riga ta gama lissafi: doka ta hana, likita zai hana, yarinya za ta yi fushi da likita, ita kuwa ta ci gaba da zama wadda ake yarda ta shigo ɗaki da kofin madara. In ta hana da bakinta, Tegan za ta rufe ƙofa, kuma in ta rufe ƙofa ba mai ba ta ko cokali ɗaya. Haka ta yi da ɗaruruwan maza, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Ta gaya wa Lindsay kafin su tafi, don tana buƙatar hutun kwana ɗaya. Ya cire hularsa. Ya ce, "Kuku, wannan ba mai neman giya a teburin rana ba ne. 'Yarki ce. Ki ce mata ba ki yarda ba." Ta ce masa ya je ya kula da tumakinsa.

Tafiyar awa uku ce. Tegan ta yi ta zuba a mota, tana tsokanar uwar kan tuƙinta, wai ko tunkiya mai ciki za ta riga su isa. Noelene ta ce ta yi shekaru ba ta ga 'yarta da walwala irin ta ranar ba, kuma wannan ne ya fara ba ta tsoro.

Dakta Fonseka mutum ne mai sanyin magana, ya kusa ritaya. Tegan ta yarda uwar ta zauna a ciki. Ya duba takardu, ya yi tambayoyi fiye da awa guda, sannan ya ce ba ta cika sharuɗɗa ba. Ƙodar ta lalace, amma in ana jinyarta kuma jiki na samun abinci za ta iya kai ta shekaru. Ya kuma ce bai gamsu cewa ita ke wannan roƙon ba, yana zargin ciwon ne ke magana da bakinta, domin ƙwaƙwalwar da ta daɗe da yunwa ba ta ganin gobe. Ya ce ya san waɗanda suka warke bayan shekara ashirin.

Noelene ta fara tattara jakarta. Sai Tegan ta tambaye shi, cikin ladabi, in ƙodar ta mutu gaba ɗaya kuma ita ta ƙi wankin ƙoda fa? Ai kowa na da ikon ƙin jinya.

Likitan bai yi mata ƙarya ba. Ya ce in an kai nan tambayar ta canja, domin ciwon jiki ne da zai kashe ta cikin ɗan lokaci. Ya ce shi dai ko a lokacin zai yi ta jan ƙafa, amma ba zai iya rantsuwa cewa duk likitoci haka za su gani ba, don maganar ba ta zauna wuri ɗaya ba ko a tsakaninsu. Tegan ta ciro ɗan littafi daga aljihu ta rubuta. Ta tambaye shi wane gwaji ne ke nuna an kai wurin. Ya ƙi faɗa. Ta ce ba komai, za ta nemo.

A hanyar dawowa ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta jingina kai da gilashi tana kallon gonaki. Noelene ta ce a nan ta gane abin da ta yi. Duk shekarun nan ciwon na tura yarinyar ne kawai ba tare da inda za a je ba, yanzu kuwa ya sami wurin zuwa, kuma ita ce ta tuƙa ta ta je ta ji hanyar.

Daga makon nan kofin madarar ya fara dawowa yadda ya shiga. Magungunan ƙodar ma ta daina sha. Noelene ta kira likitan garinsu, ta kira layin gaggawa na masu ciwon ƙwaƙwalwa. Wata ma'aikaciya ta zo ta zauna da Tegan minti arba'in, ta fito ta ce ta same ta cikin natsuwa, tana bayani daki-daki, ta san ranar wata, ta san abin da zai biyo bayan ƙin maganin. Ta ce za a sa ido. Noelene ta ce mata yarinyar nan tun tana sha huɗu ta iya bayani daki-daki.

Na tambaye ta ko tana da-na-sanin teburin da ta kafa. Ta ce in aka dawo mata da Des cikin halin da ya mutu, gobe za ta sake kafa shi. Ta ce ba dokar ce ta sa wa 'yarta ciwo ba, kuma dokar ta hana ta, kamar yadda aka tsara. Abin da ba ta taɓa tunani ba shi ne akwai ciwon da ke iya gyara jikin mutum da gangan har ya dace da sharuɗɗan. Ta ce da a shekarun nan an ba Tegan gado a wurin jinya da saurin da aka ba ta ranar ganin Dakta Fonseka, wato kwana goma sha ɗaya, da wataƙila ba wannan hirar muke yi ba.

A farkon Satumba, ana saura kwana biyu a fara aski a wata sabuwar gona, Tegan ta sake tayar da maganar sa hannun. Suna zaune a barandar baya da rana tsaka. Ta ce ba yau ba ne, ba gobe ba, alkawari kawai take so, cewa in lokacin ya zo uwar za ta tsaya mata. In ta yi alkawari, za ta kasance a ɗakin, ta riƙe mata hannu yadda ta riƙe wa Baba. In ta ƙi, akwai masu aikin sa kai da ke yi wa waɗanda ba su da kowa, kuma ba dole ne a sanar da dangi ranar ba.

Noelene ta ce ta nemi wanda za ta tura ta wurinsa ta rasa.

"Ba zan sa ba, Tegan," ta ce. "Ba yanzu ba, ba kuma daga baya ba. Da tun a kicin na gaya miki. Ba na son ki mutu."

Tegan ta dube ta, ta amsa ba tare da ɗaga murya ba. "Da kin faɗa a kicin, Mama, da na ji haushi na kwana biyu. Amma kin kai ni. Kin zauna kina ji ana maganar ranar mutuwata, jakarki a cinya. Na ɗauka kin yarda. Wata biyu ina ganin akwai mutum ɗaya a duniya da ya ji ni."

Uwar ta yi ƙoƙarin bayyana mata dalilin, maganar ƙofa da kofin madara. Tegan ta ce ta gane sarai, ai a kicin ɗin ta girma, ta san yadda ake yi da ma'aikacin da ya zo da rigima. Ba ta dai san ita ma ma'aikaciya ba ce.

Bayan kwana tara, Noelene na can wata gona kusa da Coleraine tana dafa abincin rana, wata tsohuwar abokiyar jinyar Tegan ta zo da mota ta kwashe ta da akwatuna biyu zuwa Geelong. Tegan ta bar makulli a ƙarƙashin tukunyar fure, ta gyara gado, ta wanke kofin da ke ɗakinta.

Makonnin farko tana amsa saƙon waya da kalma ɗaya ko biyu. Daga baya ta daina. A Nuwamba labari ya iso ta bakin wata mata cewa an ga an ɗauke ta a motar asibiti. Lindsay ya ce wa Noelene ta tafi, shi zai soya wa mazan ƙwai, in sun mutu sun mutu. Ta tuƙa awa ukun ba ta tsaya ba.

A teburin karɓar baƙi na asibitin wata matashiyar ma'aikaciya ta buga sunan a kwamfuta, sannan ta tambayi Noelene sunanta. Ta sake dubawa. Ta ce ta yi haƙuri, ba za ta iya cewa akwai mai wannan suna a nan ko babu ba. Noelene ta ce ita ce uwarta, ta ciro lasin tuƙi ta ajiye a kan teburin. Ma'aikaciyar ta ce ta yarda, amma marar lafiya ke zaɓar wanda za a yi wa bayani, kuma ba ta da ikon wuce wannan. Ta nuna mata kujeru, ta ce in tana so ta rubuta takarda ta bari, in akwai wanda za a ba, za a ba shi.

Ta rubuta. Ta zauna har aka canja ma'aikatan teburin, ba wanda ya sauko.

Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo wayarta, na ƙarshe da ta samu zuwa yau. Tegan ta ce ta ga takardar, ta gode. Ta ce ta sami wadda za ta sa mata hannu, mutuniyar kirki ce, kada Mama ta damu. Mako goma sha ɗaya ke nan. Noelene ba ta san sunan matar ba, ba ta san ko Tegan ta sake neman dokar ba, ba ta san ko wani likitan ya amince ba. Ta tambayi wani lauya a Hamilton ko akwai wanda doka ta wajabta wa ya kira ta kafin ranar. Ya ce mata babu.